Karatu a tsakiyar hidima: me ya sa labarin soyayya na lokacin biki yake shiga, sauran su ƙi?

Tambaya: Ni mai son karatu ce tun ina yarinya, amma da zarar lokacin bukukuwa irin su Sallah ko Kirsimeti ya kama, aiki da baƙi da zirga-zirga suka taru, sai in kasa buɗe littafi. Abin da kawai nake iya gamawa shi ne gajerun labaran soyayya da aka gina a kan lokacin biki, waɗanda tun daga shafin farko na san yadda za su ƙare. Har kunya nake ji a gan ni da su. Ɓata lokaci nake yi? Kuma yaya zan yi kada karatu ya kuɓuce mini gaba ɗaya?

Amsa:

'Yar'uwa, kunyar nan ki ajiye ta gefe tukuna, don na daɗe da saninta. Na yi shekaru a bayan teburin ɗakin karatu kafin in koma gyara wa marubuta rubutu, kuma duk lokacin hutu abu ɗaya nake gani. Mace za ta zo da littattafai biyu, ta ɗora ƙaton na tarihi a sama, ta cusa ɗan siririn na soyayya a ƙasa, tana kallon gefe kamar wadda ta yi sata. Bayan mako biyu ta dawo da su. Siririn ya sha hannu har bangonsa ya lanƙwashe. Ƙaton kuwa, takardar da ta sa alama tana nan a shafi na 11. Ban taɓa ganin laifinta ba, don ni ma na yi. Wata shekara na ɗauki littafi mai shafi kusan 700, mutanen cikinsa sun fi talatin, na ci alwashin sai na ga bayansa a hutun. Sau huɗu ina karanta babin farko. Duk lokacin da na dawo sai in tarar na manta wane ne ɗan wane, in koma baya, kafin in kamo bakin zaren an ƙwala mini kira. Hutun ya ƙare ban karanta shi ba, ban kuma karanta wani ba, saboda na haramta wa kaina taɓa komai sai na gama da shi.

A nan na gane cewa a lokacin hidima, tsinkewar zare ta fi ƙarancin lokaci kashe karatu. Minti goma ana samunsa, ko a wane irin gida. Matsalar ita ce wane littafi ne za ki ajiye yau, ki ɗauka jibi, ki ci gaba ba tare da kin koma baya ba. Labaran da kike jin kunyarsu an ƙera su ne daidai da wannan buƙata, kuma ba da ka aka yi ba.

Dubi yadda aka gina su. Mutum biyu ne a tsakiya, sai 'yan rakiya uku ko huɗu. Wuri ɗaya ne, ko gida ɗaya, ko ƙaramin gari ɗaya. Ga kuma agogo yana bugawa: saura kwana goma ranar biki, saura biyar, gobe ne. Ko da kin yi kwana uku ba ki buɗe ba, layin farko da ya ce "saura kwana huɗu" ya isa ya mayar da ke inda kika tsaya. Masana halayyar ƙwaƙwalwa, irin su Nelson Cowan a 2001, sun kiyasta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ransa a lokaci guda bai wuce kamar guda huɗu ba. To, ke da kike riƙe da lissafin kuɗi, da wanda za a ɗauko, da aikin ofis da ba a rufe ba, gurbi nawa ya rage wa labari? Akwai kuma abin da Sophie Leroy ta bayyana a 2009: idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangaren hankalinsa yana maƙale a na farkon. Ke nan kina zaune da littafi a hannu, rabin ranki yana kan abin da kika baro. Littafi mai mutane talatin yana neman ki cikakkiya. Wannan kuwa rabin da ya rage ya ishe shi.

Sanin ƙarshe da kika ambata ma ba aibu ba ne a wannan fanni, alkawari ne. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta daɗe tana cewa sharaɗi biyu ne ke sa a kira littafi na soyayya: soyayyar ta zama ita ce ƙashin bayan labarin, sannan a ƙare da abin da zai kwantar wa mai karatu rai. Marubucin da ya kashe tauraruwa a babin ƙarshe ya rubuta wani abu dabam, mai yiwuwa ma mai kyau, amma ya saɓa yarjejeniya. A 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, wasu an faɗa musu ƙarshen tun kafin su fara, wasu ba a faɗa ba. Waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Binciken da ya biyo baya bai zo da sakamako iri ɗaya ga kowa ba, akwai masu karatun da sanin ƙarshe yake rage musu armashi. Amma dai ya isa ya nuna cewa ba tambayar "me zai faru" kaɗai ke jan mai karatu ba. Idan an cire miki fargabar ƙarshe, hankalinki ya koma kan yadda za a isa can: wace kalma ce za ta karya girman kan wannan, wane ƙaramin abu ne zai sa waccan ta sake duban mutumin da ta raina. A makon da komai na rayuwarki yake a hargitse, samun wuri ɗaya da kika tabbata abubuwa za su daidaita ba ƙaramin hutu ba ne.

Wata malamar jami'a a Amurka, Janice Radway, ta fitar da bincike a 1984 kan mata 42 masu yawan karanta irin waɗannan littattafai, galibinsu matan aure masu 'ya'ya. Ta shiga ne tana son sanin me ke cikin labaran, sai matan suka riƙa jan ta zuwa wani wuri: ɗaukar littafin kanta. Da yawansu sun nuna mata cewa buɗe littafi wata hanya ce ta gaya wa mutanen gida, ba tare da an yi faɗa ba, cewa wannan ɗan lokacin nawa ne. Mace da ta wuni tana yi wa kowa hidima ta sami rabin awa da ba a bin ta bashin komai. Fiye da shekara arba'in ke nan da wannan bincike, kuma tambayarki ta nuna mini abin bai canza ba.

Kasuwar littattafan lokacin biki ma tsohuwa ce. A watan Disamba na 1843 Charles Dickens ya fitar da ɗan gajeren labarinsa na Kirsimeti a Landan, bugun farko na kwafi 6,000 ya ƙare kafin ranar bikin. Ba na soyayya ba ne, amma shi ya nuna wa masu buga littattafai cewa gajeren labari mai ɗumi, a fito da shi dab da biki, yana da masu saye. Kamfanin Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin na Kanada da ya fara a 1949 ya kuma saye na farkon a 1971, su suka mayar da gajeren labarin soyayya abin fitarwa wata-wata, yawanci kalmomi 50,000 ko kusa da haka, girman da zai shiga jaka. Na Kirsimeti suka fi yawa a Turanci, kuma tun watan Oktoba suke fara cika kantoci, wanda ke nufin marubucin yakan zauna yana siffanta ƙanƙara ne a tsakiyar zafi. A 'yan shekarun nan an samu masu gina labaransu a kan Idi da Diwali na Indiyawa da Hanuka na Yahudawa da sabuwar shekara, kuma ƙashin ginin ɗaya ne duk inda aka je.

Yanzu bari in sa hular mai gyaran rubutu, don ba duka ne suka cancanci minti goman naki ba. Wasu an dafa su ne a gurguje don kada kasuwa ta wuce.

Gwajin da nake yi wa kowane rubutu irin wannan shi ne in cire bikin in gani. Idan labarin ya tsaya daram kamar ba a taɓa shi ba, to ado kawai aka rataya masa, marubucin ya ɗauko tsohon labari ya watsa masa fitilu. A labari mai kyau, bikin ne ke tura mutane inda ba sa so. Shi ke dawo da wadda ta shekara takwas tana kauce wa gida. Shi ke zaunar da mutum biyu da ba sa ga maciji a ɗaki ɗaya, saboda an ɗora musu shirya taro ɗaya kuma babu mai iya janyewa. Shi ke sa 'yan'uwa su yi tambayar da aka shekara ana gudu. Na taɓa gyara wani rubutu da babi shida na farko duk siffanta kwalliya ne da kyaututtuka, na kusa ajiye shi. A babi na bakwai sai tauraruwar ta jera kujeru, ta ƙirga, ta ga ta sa ɗaya fiye da mutanen da za su zauna, saboda hannunta bai saba da rashin mahaifinta ba. Mutumin da take ganin ba shi da tausayi ya lura, bai ce uffan ba, ya ɗauki kujerar ya kai ta bakin taga ya ɗora mata fitila. Na rubuta wa marubuciyar a gefen shafi cewa littafinta daga nan ya fara, ta yanke rabin abin da ya gabata. Ta ji haushi, amma ta yanke.

Abin da nake nufi, labaran biki masu kama rai kusan duk akwai ɗan baƙin ciki a ƙarƙashinsu: rashi, ko kaɗaici, ko ƙarancin abin hannu a lokacin da kowa ke nuna nasa. Farin cikin ƙarshen yana da nauyi ne saboda an biya kuɗinsa. Wanda ba shi da wannan, zaƙi ne zalla, shafi talatin ya gundure ki.

Alama ta biyu ta rubutun gaggawa ita ce rikicin da kiran waya ɗaya zai warware. Ta gan shi da wata, ba ta tambaya ba, ta yi fushi na babi tara, ashe ƙanwarsa ce. Da kin hango irin wannan, ki san marubucin ba shi da abin da zai raba su na gaskiya. Rikici mai kyau shi ne wanda ko sun zauna sun faɗa wa juna komai, yana nan: ita aikinta yana wata ƙasa, shi ba zai iya barin mahaifiyarsa ba, kuma dukansu suna da gaskiya.

Abu biyu kuma ki kiyaye. Bangon littafi ba ya gaya miki iyakar abin da ke ciki. Yanzu ana yayin bango mai zanen ban dariya, kuma a ƙarƙashinsa akan samu wanda ko riƙe hannu da ƙyar, akan kuma samu wanda bai bar komai a rufe ba. Masu sharhi a intanet sukan faɗi matakin, har suna da lafazin "ƙofa a rufe" ga waɗanda labarin ke tsayawa a bakin ɗaki. Minti biyu na dubawa zai hana ki jin an yaudare ki, musamman idan akwai yara masu ɗaukar abin da aka ajiye. Na biyu, idan wannan lokacin yana fama miki wani ciwo, rabuwa ko rasuwa, labarin da kowa ya dace a ƙarshe yana iya zama magani, yana kuma iya zama gishiri a kan gyambo. Ke za ki ji a jikinki. In ya yi zafi ki ajiye, ba dole.

Sai batun riƙe karatun. Fara da lissafi, don yawancin mutane suna zaton littafi ya fi ƙarfin lokacinsu alhali bai fi ba. Marc Brysbaert ya tattara bincike 190 a 2019, ya samu cewa babban mutum mai karanta ƙagaggen labari da Turanci a zuci yana cin kalmomi kamar 260 a minti. Wanda yake karatu da harshen da ba nasa ba, ko a gajiye, zai yi ƙasa da haka, don haka mu ce 200. Gajeren labari mai kalmomi 30,000 ke nan minti 150 ne. Minti 15 a rana, kwana goma kin gama. Mai kalmomi 50,000 kuma bai kai kwana 17 ba. Shi ya sa nake son kundin da ake haɗa gajerun labarai uku ko huɗu a bango ɗaya: kowanne kika gama kin ji kin gama wani abu, kuma jin an gama ɗin nan shi ke sa a ɗauki na gaba.

Kada ki ce "zan yi karatu in na samu lokaci". Ba a samun lokaci a irin wannan mako, sai dai a tsinta. Peter Gollwitzer ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da wani takamaiman lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari a sake. Ki ɗaura karatun a jikin abin da dole ki yi shi kullum: da na zauna a mota, da na kwantar da yara, da na shiga layin jira. Ɗaya ya isa. Littafin kuma ya kasance a inda abin zai faru, don in sai kin tashi kin je ɗauko shi, waya ta riga shi zuwa hannunki.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ba ta da wani kwarjini. Ƙaramar takarda nake sakawa a matsayin alama, kuma kafin in rufe sai in rubuta layi ɗaya da fensir: "ta gano wasiƙar, bai san ta gani ba." Daƙiƙa goma. In na dawo bayan kwana biyu, layin nan ya ɗauke mini komawa baya shafi biyar. Ina kuma ƙoƙarin tsayawa a inda nake ƙaguwar sanin abin da zai biyo, ko da tsakiyar babi ne, maimakon inda komai ya lafa. Labarin da aka bari a rataye yakan riƙa kiran mutum yana cikin aiki.

In rana ta kuɓuce, ta kuɓuce. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutane suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga a tsakaice ana ɗaukar kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba. Abin da ke rusawa shi ne a ce tunda na fasa jiya, shi ke nan na bari sai bayan biki.

Waya kuwa, ina da ra'ayi biyu a kanta. Ita ce littafin da kullum yake tare da ke, wannan gaskiya ne. Amma karatu a waya kamar karatu ne a tsakiyar taro, kowane saƙo yana taɓa kafaɗarki. In a ita za ki karanta, ki kashe intanet na minti 15 ɗin, duniya ba za ta tashi ba. Da dare kuma takarda ta fi: wani bincike da aka yi a Boston aka buga a 2015 ya nuna masu karatu a allo mai haske kafin barci sun ɗauki kamar minti goma fiye da masu karanta takarda kafin barci ya ɗauke su, kuma sun tashi da nauyin jiki. Littafin saurare yana da kyau ga aikin da hannu ke yi ba tare da tunani ba, kamar ninke kaya ko tafiya. In aikin yana son lissafi ko magana da mutane, taura biyu ba ta taunuwa, za ki farga babi biyu sun wuce ba ki ji komai ba.

Ki kuma ba kanki izinin jefar da littafi. Wata sananniyar ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, Nancy Pearl, tana da ƙa'ida: in shekarunki ba su wuce 50 ba, ki ba littafi shafi 50, in bai kama ki ba ki bar shi, in kin haura 50, ki cire shekarunki daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ki ba shi. Ga gajeren labari a lokacin hidima ni ko 50 ɗin ba na kaiwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, babi biyu sun isa. Haka nan maimaita wanda kika taɓa karantawa kika so ba ha'inci ba ne, a gaskiya shi ya fi kowanne sauƙin shiga, tunda kin riga kin san mutanen. Akwai wanda nake komawa kusan kowace shekara, na san inda zan yi dariya, kuma in na iso wurin sai na yi.

Abin da ba na so shi ne ƙidayar nan ta manhajoji irin su Goodreads, inda mutum ke ɗaukar alkawarin littafi 40 a shekara, Disamba ta zo ya ga saura tara, ya shiga haɗiyar shafuka kamar mai biyan tara. Wasu tana zaburar da su, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ga wadda hidima ta riga ta shaƙe, wannan ƙarin mai bin bashi ne kawai, a wuri ɗaya tilo da ba a bin ta komai.

Ƙaton littafin da kike jin nauyin ba ki karanta ba, ki ɗauke shi daga gefen gado ki mayar kan kanta, don ganinsa kullum yana sa ki ji kamar mai laifi. In hidima ta lafa, ki ba shi zama ɗaya mai tsawo a farko, awa ɗaya ko fiye, har mutanen cikinsa su zauna miki, sannan ki koma ɗan minti-minti. Nawa mai shafi 700 haka na yi masa, wata biyu bayan wancan hutun, da takarda a gefe ina rubuta sunayen mutane da dangantakarsu. A mako uku na gama shi.